Me za mu kira "anatomi" da Hausa?

1. Ina rubuta tarihin Farfesa Drago Perović na Kuroshiya, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: "anatomi", fannin da ya koyar, wato nazarin sassan jiki da yadda aka shirya su. An haife shi a 1888, ya karanta likitanci a Biyana, kuma da aka kafa makarantar likitoci ta Zagreb, babban birnin Kuroshiya, a 1917, shi ya ba da laccar farko a watan Janairun 1918. Ya rasu a 1968. Farfesan me za a ce da shi?

2. Wani ya ce "ilimin fiɗa". Yana da hujja, domin asalin kalmar a Girkanci yankawa ne, Larabawa ma tashrihi suke cewa. Amma fiɗa ta riga ta yi miji. Ka ce wa Bahaushe likitan fiɗa, nan take zai hango mai yi wa marar lafiya tiyata. Shi kuwa masanin anatomi gawa yake feɗewa, don ya ga yadda aka shirya cikinta ya koya wa ɗalibai.

3. Wata malama ta kawo "ilimin gaɓoɓin jiki". Ranki ya daɗe, wannan ta yi kusa, sai dai ta yi ƙunci. Perović ya fi shahara ne a kan ƙoƙon kai: kogunan hanci da lungunan can cikin kunne. Jelena Krmpotić-Nemanić, wadda ta shugabanci sashen anatomi na makarantar bayansa, ita ma kunne da hanci ta fi bibiya. Wa zai kira kogon hanci gaɓa?

4. "Ilimin halittar jiki" kuma zai yi karo da ilimin halittu, a bar shi.

5. Ni dai na tsaya a kan "ilimin ƙirar jiki". Muna cewa wane yana da ƙirar ƙarfi, wance ƙirar mahaifiyarta ta ɗauko. Ƙira ta haɗa siffa da yadda sassa suka zauna da juna, kuma tana ɗauke da ma'anar abin da ake ginawa sannu a hankali. Ku gwada ta a kan Ivica Kostović, wani masanin anatomi na Zagreb haifaffen 1943, wanda ya bayyana wani shimfiɗi a ƙwaƙwalwar ɗan tayi da ke girma tun tayin yana cikin mahaifa, sannan yawancinsa ya ɓace bayan haihuwa. Fiɗa ba ta kama wannan ba, gaɓa ma haka. Ƙira ta kama.

6. Wani likita ya yi ƙorafi cewa za a zaci siffar waje kaɗai ake nufi. Gaskiya ne, amma inda ake tsoron ruɗu sai a ce ƙirar cikin jiki. Mai sana'ar shi ne masanin ƙirar jiki, wurin aikin ɗakin feɗe gawa. Cibiyar anatomi da ke ɗauke da sunan Perović a Zagreb zan rubuta ta Cibiyar Ƙirar Jiki ta Drago Perović.