Mujallar adabi ta ɗaliban Legon: me za a shirya kafin a kai wa mai buga littattafai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗalibai Hausawa a Jami'ar Ghana da ke Legon sun tattara waƙoƙi da gajerun labarai, Hausa da Turanci. Malamai, me ya kamata a kula da shi kafin bugawa?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara da ƙidayar shafuka. In da waya za a ɗinke mujallar a tsakiya, dole adadinsu ya rabu da 4: 32, 40 ko 48, domin takarda ɗaya da aka naɗe shafi huɗu take bayarwa. In ta yi kauri da yawa, ba za ta rufu da kyau ba, sai a koma manne da gam. Takardar ciki 80gsm (gsm ma'aunin nauyin takarda ne) ta isa, bango 250gsm.

Amsa ta 2: Babbar matsalar ita ce ɓ, ɗ, ƙ. In kwamfutar maɗaba'ar ba ta da irin haruffanku, sai su fito akwati-akwati. Ku kai PDF, kada ku kai Word. A Accra New Town maɗaba'u sun yi yawa. Ku nemi kwafi ɗaya na gwaji, mutum biyu su karanta shi a takarda.

Amsa ta 3: Lambar ISSN fa, Malam, wato lambar shaidar mujalla ta ƙasa da ƙasa? Ku tuntuɓi ɗakin karatu na George Padmore da ke Accra, mai bayar da ita, tun da wuri.