Wai buga rubutu ta taminal tsohon yayi ne?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum jama'a. Wallahi na gaji. Fayil ne na rubutu zalla, ba hoto ba ado, na tura wa firinta ta taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, da umarnin lp -o raw kamar yadda wani ya koya mini. Layin farko ya fito daidai, na biyu ya fara daga inda na farko ya tsaya, na uku ya ƙara matsawa dama kamar matakalar bene, har rubutun ya fice daga takardar. Shafin ƙarshe ya maƙale sai da na danna maɓallin jikin firintar. Duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke kuma, wasu alamomi biyu-biyu ne suka fito. A daina ruɗar mutane, buga takarda ta taminal tsohon yayi ne.

Ɗan Taminal: Wa alaikumus salam. Tsohon yayi? Malam, ka janye wannan kalmar. In ka danna maɓallin bugawa a cikin manhaja a Linux ko Mac, ina kake tsammanin aikin ke bi? CUPS ne ke karɓa, wato manhajar da ke kula da aikin bugawa, shi ɗin da lp ke miƙa wa. Hanya ɗaya ce.

Mai Linzami: Ai gaskiya ya faɗa. Abin da sai ka haddace umarni kafin takarda ɗaya ta fito, in ba tsohon yayi ba mene ne? Mu dannawa biyu muke yi mu wuce.

Ɗan Taminal: Tsoho daban, tsohon yayi daban. Abin da aka daina amfani da shi ne tsohon yayi. Je ka tambayi masu kula da sabar da ba ta da allo ko linzami yadda suke buga rahoto.

Mai Linzami: Su nawa ne?

Ɗan Taminal: Sun fi ƙarfin ƙirgarka.

Malama Injiniya: Don Allah ku bari a amsa wa bawan Allah. Ƙanena, matsalolinka uku duk daga raw ɗin nan suke. Da ka sa shi, ka ce wa CUPS kada ya taɓa fayil ɗin, ya zuba shi ga firinta yadda yake. A Linux ƙarshen layi alama ɗaya ce, LF, mai lamba 10 a ASCII, tsarin bai wa haruffa lambobi, aikinta saukowa layi na gaba. Firintoci da yawa kuma suna jiran CR mai lamba 13 tare da ita, wadda ke mayar da bugu farkon layi, yadda Windows ke rubuta fayilolinsa. Babu CR, sai ta sauko ta ci gaba daga inda take, shi ya haifar da matakalar da ka gani. Shafin ƙarshe kuwa alamar sakin takarda yake jira, mai lamba 12, fayil ɗinka bai ƙare da ita ba. Haruffan masu ƙugiya kowanne bayit biyu ne a UTF-8, tsarin da ake adana haruffa da shi a fayil, firintar ta ɗauki kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa. Cire -o raw, ka tura da lp da sunan fayil kawai, CUPS zai tsara shafin da kansa.

Tsohon Hannu: Ni lp ɗin ma ban yarda da shi ba. A yi amfani da lpr. Shi muka sani tun zamanin BSD.

Ɗan Taminal: Baba, da girmanka, lp daga System V ya zo, lpr daga BSD, tsofaffin tsare-tsaren Unix biyu, amma yau CUPS ke bayar da duka biyun. Layin jira ɗaya suke shiga.

Tsohon Hannu: Yaro, lokacin da nake gyara printcap, fayil ɗin saitin firinta, da hannu ba ka san kwamfuta ba. Ban taɓa ganin matakala da lpr ba.

Malama Injiniya: Baba, matakalar ta girmi CUPS. A printcap ɗin ma ai matata ake sakawa don ta ƙara CR.

Tsohon Hannu: Wannan kuma wata magana ce.

Mai Linzami: Kun gani ko? Ku kanku ba ku daidaita kan umarni ɗaya ba. Kuma CUPS ɗin da kuke taƙama da shi ai Apple ne suka saye shi a 2007.

Ɗan Taminal: Michael Sweet ne ya rubuta shi, ya fito tun 1999, kafin sayen da shekaru. Kuma har gobe lambobinsa a buɗe suke. Saye ba ƙirƙira ba ce.

Mai Linzami: 1999! Da bakinka ka faɗa. Tsohon yayi.

Ɗan Taminal: Windows ɗinka fa a 1985 ya fara fitowa. Sai ka jefar da shi.

Sabon Shiga: Malama na gode, na cire raw, layukan sun miƙe kuma shafin ya fito da kansa. Amma ƙ da ɗ yanzu gurbinsu fili ne. Me zan yi?

Baƙo: Ni ina ganin firintar ce ƙarama. Akwai masu arha da ba su gane rubutu kai tsaye sam, sai direba, wato manhajar firintar, ya mayar musu da shafin hoto. Ka sayi babba ka huta.

Ɗan Taminal: In irin waɗannan ce ai ko matakalar ba zai gani ba, ba abin da zai fito. Ka karanta kafin ka yi magana.

Baƙo: Ba da kai nake ba. Kullum sai ka nuna ka fi kowa sani.

Ɗan Taminal: Ni ban ce na fi kowa ba, amma ba zan bari a sa mutum asarar kuɗi a banza ba.

Shugaban Zaure: To jama'a, a tsaya haka, ga abin da aka cim ma. An tabbatar cewa taminal ba tsohon yayi ba ne, tunda a Linux da Mac bugu ta CUPS yake bi. Laifin na raw ne, kuma da aka cire shi komai ya gyaru. Masu cewa a koma linzami ba su kawo hujja ko ɗaya ba. Muna fatan mai tambaya zai janye kalmarsa.

Mai Linzami: Wa ya tabbatar? Shugaba, kowa ya san ɓangaren da kake.

Malama Injiniya: Shugaba, ba komai ne ya gyaru ba, haruffansa ba su fito ba tukuna. Ƙanena, fara duba fayil ɗin da umarnin file ka ga ko UTF-8 ne. In shi ne, salon harafin da ake bugawa da shi ne ba shi da masu ƙugiya. Saka paps, manhajar shirya rubutu don bugawa, shi yana gane UTF-8, ka zaɓi salon da ke da su kamar DejaVu Sans Mono, sannan ka miƙa abin da ya fitar ga lp. Kada ka gwada takwaransa enscript a kan wannan, bai iya UTF-8 ba. In aikin farko ya toshe layin jira, lpstat -o zai nuna maka shi, cancel -a kuma ya share duk ayyukan da ke layin.