Tunkiya mai ciki da ganyen darbejiya

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tumakina uku ke da ciki, ɗaya ta shiga wata na 4. Filin da yara ke kai su kiwo kewaye yake da bishiyoyin darbejiya da na turare, tunda ciyawa ta bushe sai ganyen suke tsinka. Maƙwabciyata ta ce yana sa ɓari. Hankalina ya tashi, a taimaka min.

Baba Makiyayi: Wa'alaikumus salam 'yata. Tun muna yara tumaki ke lasar darbejiya da rani, ɗacinta ma ba ya bari su ci da yawa. Turare kuwa warinsa ke korar su. In akwai gawo kusa, a kai su can. Shi da rani yake ganye, 'ya'yansa kuma abinci ne na gaske.

Yaya daga Maraɗi: Baba ya faɗi gaskiya. Ni itacen samberu nake tsoro, in yaranki na shiga daji a nuna musu shi, yana kashe dabba.

Malamin Dabbobi: Hajiya, bishiyar da ta yi suna wajen zubar da ciki wani nau'in fain ce ta yammacin Amurka, kuma shanu ta fi kamawa a ƙarshen ciki. Ba ta a filinki. Wadda za ki kiyaye ita ce oliyanda, furen nan mai siririn dogon ganye da ake shukawa a gidaje da makarantu. Ganye kaɗan ya isa ya tsayar da zuciyar tunkiya, ɗanye ko busasshe. Kada a zubar da reshenta inda suke bi.
Amma abin da ya fi damuna yunwa ce. Cikin tunkiya wata 5 ne, ɗan kuma ya fi girma a sati 6 na ƙarshe. Wadda ta fita da ciki wayam komai ta gani ci take.

Maman Biyu: To me zan riƙa ba su, Malam?

Malamin Dabbobi: Harawar wake ko ta gyaɗa da safe kafin su fita, dusa da yamma, ruwa mai tsabta da gishirin lasa. In wata ta yi ɓari, a ware ta, kada a taɓa ɗan ko mahaifar da hannu tsirara, domin bakkale, cutar nan da ke sa dabbobi ɓari, na kama mutum. A binne, a kira likita.

Baba Makiyayi: Mai wata 4 ɗin nan, 'yata, bar ta gida haka nan. Tafiyar ta ishe ta.

Maman Biyu: Na gode Baba, Allah ya saka. Gobe zan aika a sayo harawa.