Jiƙon ɓawon danya da ciwon sukari: ana iya haɗa shi da maganin asibiti?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta shekara huɗu tana shan glibenclamide, maganin ciwon sukari na asibiti, sai wata maƙwabciya ta kawo mata ɓawon danya da garin zogale, ta ce ai har a jami'a an tabbatar suna sauke sukari. Kwana na biyar da fara shan jiƙon muka same ta da hantsi tana gumi, hannunta na rawa, na'urar awon sukari ta nuna giram 0.6 a kowace litar jini. Shin jiƙon ne ya jawo haka, kuma mene ne gaskiyar binciken da ake faɗa?

Malamin Kimiyya, Ngaundare:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Inna lafiya. Binciken gaskiya ne, masana a Jami'ar Yawunde sun gwada ɓawon danya a kan ɓeraye, sukarinsu kuma ya sauka. Amma a lura da yadda ake irin wannan aikin: ana yi wa ɓera allurar sinadarin da ke kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin, wato sinadarin da ke sauke sukari a jini, sannan a ba shi abin da aka tace daga ɓawon, a auna gwargwadon nauyin jikinsa. Jiƙon da aka yi a kwano kuwa babu wanda ya san ƙarfinsa, domin ɓawon rani da na damina ba lallai su zo ɗaya ba.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne sinadaran kariya. Yawan sukari a jini yana haifar da abubuwan da ke cin jijiyoyin ido da ƙoda sannu a hankali, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, kuma zogale da zoɓorodo suna ɗauke da abubuwan da ke dakushe su. Sai dai gwajin da aka fi yi a cikin kwalba yake, inda ruwa mai launin shunayya ke komawa rawaya idan an zuba masa tatsen ganyen. Sauyin launi a kwalba bai isa hujjar warkar da mutum ba.

Ma'aikaciyar Jinya, Marwa:
Ɗan'uwa, abin da ya sami Inna faɗuwar sukari ne, tunda duk abin da ya gaza giram 0.7 haɗari ne. Glibenclamide shi kaɗai ma yana iya jawo haka ga tsofaffi, musamman idan ba su karya da wuri ba, balle an ƙara masa wani abu. Idan ta sake faruwa tana cikin hayyacinta, a jiƙa sukari cokali uku a ruwa a ba ta nan take. A dakatar da jiƙon, a kai wa likitanta ragowar ɓawon ya gani. Zogale a miya ko kwaɗo ba na hana kowa.

Alhaji na Kuseri:
Kada dai mu raina itatuwa. Metformin ma, wani maganin ciwon sukari na asibiti, asalinsa wata ciyawa ce ta Turai, amma sai da aka yi shekaru ana tacewa kafin likita Jean Sterne ya gwada shi a kan mutane a Faransa a 1957.

Ɗan Garwa:
Na gode, Allah ya saka. Mun ajiye jiƙon, na kuma fara rubuta awon safe da na yamma a littafi domin mu tafi da shi asibiti ranar Litinin.