Hawan doki a ƙauyukan Ingila, abin da na tsinta a hirarmu

To jama'a ga abin da mahaya suka fi nanatawa a hirar da muka yi da su kan hanyoyin da ake bi da doki. A Ingila ba kowace hanyar cikin gona ake bi da doki ba, ka duba kibiyar da ke jikin turke, rawaya ta masu tafiya a ƙafa ce kawai, shuɗiya ita ce tamu ta dawaki da kekuna. Kusan kamar burtali ne a wajenmu, hanyar ta ratsa gonar mutum amma ba shi da ikon toshe ta.

In ka tarar an sa kwaɗo a ƙofa ko an ja waya, don Allah kar ka tsaya cacar baki da manomi, ɗauki hoto ka kai ƙara kansul, wato hukumar yankin, su ke riƙe da taswirar hanyoyin kuma aikinsu ne su sa a buɗe. Ƙofar da ka buɗe ka rufe ta saboda tumaki, sannan ban da sukuwa in ƙasa ta jiƙe, kofato na lalata hanya sosai wallahi.

Wani dattijo ya ƙara da cewa in dole sai ka hau kwalta, sa riga mai ƙyalli, tun 2022 ƙa'idar tuƙi ta ce mota ta rage gudu zuwa mil 10 a awa ta bar maka tazarar mita 2.