Wutar bola: wa ya ce kyauta ce?

Abban Ilham: Ba wuta, ga hayaƙin bolar bayan makaranta ya hana yara barci. A Durban ta Afirka ta Kudu, haƙa rijiyoyi suke a jujin Bisasar Road da na Mariannhill, su zuƙo gas ɗin da shara ke fitarwa in ta ruɓe, su tayar da injin lantarki da shi. Mu kuwa muna zaune a kan wutar kyauta, sai shaƙarta muke!

Injiniya Sabo: Kyauta fa ka ce? Sai an shimfiɗa leda mai kauri a ƙasan jujin, an danne sharar, an rufe ta da ƙasa, an jera bututu, an tace danshi kafin gas ya kai injin. Kuma kusan rabinsa ne kawai metan, wato iskar da ke kamawa da wuta. Bolar da akuya ke kiwo a kanta ba ta tara gas ɗin kirki.

Abban Ilham: Sharar ai ba saye ake yi ba, Injiniya.

Maman Walida: Wa ya gaya maka? Duk sati ina biyan yaron da ke kwashe tawa a baro. 'Yan bola jari ma ba don Allah suke tsintar roba da ƙarfe ba.

Ɗan Bakin Kasuwa: Ko ruwan sama sai ka sayi bokiti.

Malam Hadi: Jama'a, ku bar kuɗi tukuna. Metan ya ninka hayaƙin kabon fiye da sau 25 wajen riƙe zafi a sararin samaniya. Ko ƙona shi kawai aka yi a bakin bututu an rage ɓarna. Kun manta gobarar jujin Olusosun a Legas a 2018? Ko jujin Koshe na Addis Ababa da ya rufta a 2017, mutum sama da 100 suka rasu?

Ɗan Bakin Kasuwa: Allah ya jiƙansu. Amma Malam, kyauta ce ko ba kyauta ba ce?

Kwamared: Da gwamnatinmu ce da tuni an gama.

Maman Walida: Ku da kuka bar kwatar layinmu a toshe har kuka sauka? Yaro, rufa mana asiri.

Kwamared: Hajiya, ni ba yaro ba ne, 'ya'yana uku.

Injiniya Sabo: Habasha ma tashar Reppie da suka buɗe a 2018 ƙona sharar take yi, ba gas take zuƙa ba. Kar wani ya haɗa su.

Abban Ilham: Ba wanda ya haɗa. Kai dai ka ce kwangila kake nema.

Injiniya Sabo: Janye wannan maganar.

Alhaji Sani Mai Sola, shugaban zaure: Ya isa. Abin da zaure ya cimma: wutar bola ba kyauta ba ce, tsada gare ta, kuma ba za ta yiwu a nan ba. Kowa ya yarda rana ce kaɗai ba a biya. Mai son fanel da batir ya same ni a shago, ana biya kashi-kashi.

Malam Hadi: Alhaji, yaushe muka yarda?

Alhaji Sani Mai Sola: An rufe.