Wai Washington State za ta farfaɗo kuwa bayan wargajewar Pac-12?

Dan_Cougar: Salam 'yan uwa masu bin ƙwallon Amurka ta jami'o'i. Tun da jami'o'in USC, UCLA, Oregon da Washington suka bar rukunin gasa na Pac-12 suka tsere rukunin Big Ten a 2024, sauran ma kowa ya kama gabansa, aka bar Washington State da Oregon State su biyu rak. To wannan sabuwar Pac-12 ta 2026 da su Boise State, Fresno State, San Diego State, za ta iya riƙe musu 'yan wasa kuwa ko dai suna ne kawai ya rage?

Baban_Ummi: Malam ai matsalar ta girmi rukuni. Ka duba inda Pullman take, garin da jami'ar Washington State take, ɗan ƙaramin gari ne can bakin iyakar Idaho, filin wasansu ma bai kai mutum dubu 35 ba, kuma yaran sakandare masu kyau na jihar galibinsu ɓangaren Seattle suke, Washington da Oregon su ke fara tsince su. Da can koci zai je Kalifoniya ya ce wa yaro zo, iyayenka za su gan ka kana buga da USC a Los Angeles, yanzu da wane baki zai faɗi haka?

Sadauki77: Ni fa ban yarda ba Baban Ummi. Yaushe suka taɓa dogara da manyan yara? Kocinsu na lokacin, Mike Leach, ya ci wasa 11 a 2018 da kwatabak (mai jefa ƙwallo) Gardner Minshew wanda ba kowa ya damu da shi ba. Nemowa sun iya, riƙewar ce ta gagara. Cam Ward, shi ma kwatabak, su suka ɗauko shi daga wata ƙaramar jami'a, Incarnate Word, ya haska, ya tafi Miami, a 2025 shi aka fara zaɓa a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, gasar ƙwararru. John Mateer ya maye gurbinsa, kaka ɗaya tak ya yi a matsayin babban kwatabak sai ya koma Oklahoma, koci Jake Dickert shi ma ya tattara ya nufi Wake Forest. Kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi kenan.

Hajiya_Bilki: Gaskiyarka Sadauki, kuɗi ne zancen. Tun 2021 aka ba 'yan wasa damar cin kuɗi da sunansu, 2025 kuma makarantu suka fara biyansu kai tsaye, har wajen dala miliyan 20 a shekara ga makaranta mai hali, su kuma Washington State kuɗin talabijin ɗinsu ya zube ina za su samo? Amma ku lura Ward da Mateer duk 'yan Texas ne, kuma Texas State na cikin sabon rukunin, ko ba komai za a riƙa ganin fuskarsu a can.

Dan_Cougar: Hajiya kina ganin zuwa San Marcos, garin Texas State, jefi-jefi zai sa yaron Texas ya zaɓi sanyin Pullman?

Hajiya_Bilki: Wanda manya suka raina zai zo mana, shekara biyu dai a more shi kafin masu kuɗi su farga.